Ƙarar kekunan kanti da na ji a wayarka

Nura,

Assalamu alaikum. Innarka ce. Yayarka ce riƙe da biro, ni ina faɗa, ka san ban wuce izu biyu a allo ba, boko kuwa sunana kaɗai nake iya zanawa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, yadda ta fito haka za ta sa. In ta gama za ta ɗauki hoton takardun ta turo maka ta waya. Ban yi maka saƙon murya ba don na san halinka, latsawa kake yi ta yi sauri in koma kamar tsuntsuwa, ka ce ka ji. Wannan zama za ka yi ka karanta.

Ina gaishe ka, ina gaida aiki. Allah Ya tsare ka a kan titunan Riyad, Ya tsare wanda ka ɗauka, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Mu nan Funtuwa lafiya lau. Labarin gida ba shi ne a gabana ba.

A mota kake kwana. Kada ka ɗauki waya ka ce mini a'a.

Wata biyu ke nan duk kiran bidiyo da ka yi daga cikin mota kake yi. Ka ce ɗakinku na unguwar Al-Oud babu sabis. To. Na ga rigarka a rataye a mariƙin saman ƙofar mota, na yi shiru. Na ga buroshin baki a wurin ajiye kofi, na yi shiru. Ranar Talata da ka kira, nan goma ta wuce, can kuwa sha biyu ta wuce, sai na ji ƙarar kekunan zuba kaya na kanti a bayanka, an cusa su cikin juna ana turo su dogon layi a kan kwalta. Wannan ƙarar sai an rufe kanti ake yin ta, kuma wanda ya zo sayayya ya riga ya tafi gida, ba ya jin ta. Mai kwana a filin ajiye motoci ne yake jin ta. Na sani don na yi wata huɗu ina jin ta kowane dare, ni da babanku.

Yayarka ta ajiye biro tana kallona. Ita ma ba ta sani ba. Na ce ta ɗauka mu ci gaba.

Ka san hoton nan na falo, ni da babanku a gaban koren ƙyaure, ni cikin baƙar abaya mai dutse a hannu. Kun tashi a wurin kakarku kuna nuna wa yara kuna cewa gidanmu ne na Saudiyya. Ba gidanmu ba ne. Gidan tsohuwar da muke yi wa aiki ne a unguwar Badi'a, ni girki da wanki, babanku tuƙi. Ɗakinmu yana bayan gareji, kusa da tankin ruwa. Abayar ma ta 'yarta ce, na ɗauko daga kayan guga na sa na minti biyar. Babanku ya ce, "Saude, wannan hoton ƙarya zai yi." Na ce hoto ba ya magana. Na aiko da shi ban ce gidanmu ne ba, ban kuma ce ba namu ba ne. Da aka fara cewa 'yar Malam Garba ta yi gida a Riyad, na ji daɗi na bar shi a haka. Kuma na san da ka tashi neman biza, wannan ƙyauren kake gani. Ni na tura ka can da hoton ƙofar wasu. Saboda haka ka daina turo mana hoto a gaban dogayen gine-gine. Ba naka ba ne, ni ma na san ba naka ba ne, kuma akwai yara a gidan nan da suke kallo.

Da tsohuwar ta rasu, ɗanta ya sayar da gidan. Bai cuce mu ba. Ya ba mu haƙƙinmu, ya ce iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ta zauna a sunansa, mu nemi abin yi da wurin zama. Babanku ya sayi tsohuwar mota ya fara ɗaukar fasinja. Ya samo mana ɗaki a Al-Oud, cikin Hausawa, ɗaki ɗaya, banɗaki na haɗaka da wasu iyali biyu. Na je na gani na ce ba zan zauna ba. Na ce duk Funtuwa an san Badi'a muke, in wani ya zo Umra ya biyo ta kanmu me zan ce masa? Ya yi ta lallashi na ƙi. Muka kama gida mai ɗaki biyu a Badi'a. Hayar can ta wata shida ake biya a dunƙule. Ta farko muka biya da kuɗin sallama. Ta biyu ba ta samu ba. Wata rana muka dawo, makulli ya ƙi shiga ƙofa.

Ban tambaye ka yadda aka yi ka rasa naka ɗakin ba. In laifin wani ne, Allah Ya isa. In irin nawa ne, na kai jiki inda aljihu bai kai ba, to ka ji inda nawa ya kai ni. Ɗakin da kake iya biya shi ne ɗakinka, ko da mutum shida ne a ciki suna minshari.

Daren farko babanku ya ce mu je wurin Malam Isa. Malam Isa mutumin Gusau ne, gyaran esi yake yi, yana da gida a Al-Oud da wani ɗaki a saman bene da yake sauke baƙi. Matarsa Rakiya ƙawata ce, tare muke zuwa suna da biki. Na ce wa babanku kwana biyu ne, kada ya kunyata ni. Muka shiga filin wani babban kanti muka kashe mota. Kwana biyun ne ya zama wata huɗu.

Bari in faɗa maka yadda muke yi, don ka san ba zato nake ba. Kayanmu a but. Ni a kujerar baya, gwiwa a naɗe, shi a gaba ya kwantar da kujera, sitiyari na tokare masa ƙafa. Kwali a gilashi. Kanti uku muke juyawa don kada a saba da lambar motar. A biyu daga ciki, mai gadi kan zo ya ƙwanƙwasa gilashi da tocila ya ce yalla, mu tashi da barci a ido mu nemi wani wuri. Na ukun akwai wani dattijo ɗan Sudan da yake gadi, shi ba ya korar mu. Yakan nuna wa babanku gefen da inuwar gini take kaiwa da safe, ya juya baya kamar bai gan mu ba. Babanku yana gaishe shi kullum. Ni ban taɓa ba, in ya matso rufe fuska nake yi, wai kada ya gane ni. Mutumin da ya rufa mini asiri wata huɗu, ko sunansa ban sani ba. In kana da irinsa inda kake, ka fito daga mota ka gaishe shi da hannu, ka tambayi sunansa.

Da safe motar ta fasinja ce, ba ni da wuri a ciki. Sai ya sauke ni a ƙofar kanti kamar kaya, ya tafi nema. In shiga banɗakin mata in wanke abin da zai wanku a famfon wanke hannu, ina sauri kada mai shara ta shigo. In fito in ɗauki keke in yi ta zagaye cikin sanyi har la'asar. Don kada a ce mene ne matar nan take yi, sai in riƙa zuba kaya a keken, shinkafa, kaji, man girki, turare, in cika shi kamar matar likita. In na gaji in bi layi-layi in mayar da kowanne inda na ɗauko. Har na san wurin kowane gwangwani fiye da ma'aikatan.

Wata Alhamis ina tura keke cike taf, sai na ji an ce, "A'a, Hajiya Saude! Ashe kina duniya?" Rakiya ce. Ta rungume ni, ta leƙa keken ta ce, "Iye, mutanen Badi'a, biki za a yi ne ba a gaya mana ba?" Na yi dariya na ce baƙi za mu yi. Ta ce to mu je wurin biya tare, Malam Isa na waje sai su sauke ni. Nura, a lalitata akwai abin da babanku ya tara na sati biyar don mu kama ɗaki, ni ya ba ajiya don kada a sace a mota. Ina tsaye a layi, Rakiya a bayana tana ba ni labarin yaye ɗanta, ina kallon yaron kanti yana wuce da kaya ɗaya bayan ɗaya. Kalma ɗaya ce za ta fitar da ni, in ce Rakiya ba ni da gida. Na buɗe lalita na biya.

Suka ce ina za a sauke ni. Na kai su ƙofar koren ƙyauren nan, wanda wasu mutane suka saya ban ma san su ba. Na ce mun koma nan, kada su wahala da shigar da kaya. Na tsaya ina lalube a jaka kamar mai neman makulli har suka sha kwana. Na zauna a gefen titi da leda goma sha ɗaya har bayan isha'i, kafin babanku ya gano inda nake. Bai yi faɗa ba. Ya loda kayan ya ce, "Saude, a ina za mu dafa?" Kajin nan kwana ɗaya suka yi a but suka fara wari. Da hannuna na zuba su a bola. Warin bai bar motar ba har fasinja suka riƙa sauka tun ba a kai ba.

In ka haɗu da ɗan gida ya ce yaya, ka ce babu daɗi. Ba zagi ba ne. Abin da za ka kashe don ya ɗauka kana cikin daɗi ya fi abin da za ka roƙe shi yawa.

Malam Isa ba yaro ba ne. Ya san an sayar da gidan nan, shi ya cire esin cikinsa. Ya bi sawu har ya gano motarmu. Wata asuba, babanku ya dawo daga masallaci ke nan, sai ga su. Rakiya ta fito da filas na kunun gyaɗa a hannu ɗaya, makulli a ɗayan, an ɗaure shi da jan zare. Ba ta yi surutu ba. Ta ce, "Saude, ɗakin sama babu kowa, na share na shimfiɗa. Ku taho." Ni kuwa ina zaune a kujerar baya da zanen barci, kwali a gilashi, fuska duk sawun kujera, na dube ta na ce wa ya gaya mata a nan muke kwana? Na ce sammako muka yi muna jiran a buɗe kanti. Ta ce, "Haba Saude, ni ce fa." Na ce ai na san ita ce, shi ya sa, don kafin azahar duk matan Al-Oud sun ji, kafin Juma'a Funtuwa ta ji. Na ce ta je ta yi sadakarta a wani wuri. Babanku ya ce, "Saude, mu karɓa." A gabansu na ce masa in ya taɓa makullin nan ya ba ni takardata. Mutum ne mai gudun tashin hankali, kun san shi. Ya sauke hannunsa. Rakiya ta ajiye filas a kan bonet, ta mayar da makullin jaka, suka tafi. Kunun mun sha. Ki rubuta wannan ma, na ce wa yayarka, mun sha har ƙasa.

Wannan a farkon zafi ne. Ka ga zafin Riyad bara amma a ɗaki ka gan shi. A mota wani abu ne daban. Ƙarfe yana riƙe wuta har asuba. In ka kunna esi mai ya ƙare, in ka sauke gilashi iska ta shigo kamar daga bakin tanda. Kuma ga abin da ban lura da shi ba sai da aka makara. Kanti yana rufewa da tsakar dare, masallaci a kulle bayan isha'i, babu inda mutum zai kewaya har asuba. Ni ina da robar fenti mai murfi a ƙarƙashin kujera. Babanku kunya ba ta barin shi, a gabana ma. Sai ya daina shan ruwa daga la'asar. Mutum ya wuni yana tuƙi cikin rana, ga ciwon suga da yake fama da shi, ya kwana cikin gumi, bai sa ruwa a baki ba sai an kira salla. Ina gani. Ina ganin leɓensa ya tsage. Na ce a raina dabara ce mai kyau.

Wata biyu bayan zuwan Rakiya, na tashe shi sallar asuba bai tashi daidai ba, yana magana ba kai, ƙafafunsa sun kumbura sun cika takalmi. Dattijon nan ɗan Sudan shi ya kira motar asibiti. Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun. Ya tambaye ni ta bakin wata nas 'yar Zariya ko yana shan ruwa sosai, na ce e. Can ma ƙarya na yi.

An gaya muku ciwon suga ne ya kashe shi. Akwai suga, kuma kwana ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma ni na san asubar da aka miƙo masa makulli ya ɗaga hannu na sa ya sauke. Wata tara ya yi ana wankin ƙoda. Hausawan masallacin Al-Oud suka haɗa hannu suka kama mana ɗaki, irin wanda na raina tun farko, banɗaki na haɗaka. Na san Malam Isa ne ya tsaya a kai. Duk abin da nake ɓoyewa kowa ya ji, kuma babu wanda ya yi mini dariya, ko mutum ɗaya. Abinci suka riƙa kawowa. A maƙabartar Al-Oud aka binne shi, babu alama, can haka suke yi. Rakiya ta zo ta zauna kwana uku na zaman makoki, ita take raba wa mutane ruwa. Ban ɗaga ido na dube ta ba har na hau jirgi.

Yayarka tana kuka. Na ce ta je ta wanke fuska ta dawo, takarda tana jiƙewa.

To ka ji. Ka sha ruwa, dare da rana, ko za ka yi fitsari a gora. Kada ka yi barci da inji a kunne gilashi a rufe. Iƙamarka ta kwana a aljihun rigarka, ba a cikin mota ba. Amma duk wannan na kwana biyu ne, don ba na nufin ka ƙware a kwanan mota. Zafi saura sati kaɗan.

Na riga na tona maka asiri, gara ka ji daga bakina. Jiya na sa an nemo mini lambar Rakiya wurin wata da ta dawo daga can. Shekara goma sha tara ban ji muryarta ba. Na ce Saude ce. Ta ce, "Sauden Badi'a?" Na ce Sauden mota. Na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa tun a wurin biya. Ban iya shi da kyau ba, amma na faɗa. Ta ce, "Ke dai har yanzu muryarki kamar mai rabon faɗa." Sannan na ce ɗana yana can, yana kwana inda na kwana. Ta ce me ake jira? Malam Isa ya tsufa, ɗansu Walid ne yake riƙe da shagon, ɗakin sama yana nan, wani ɗan Katsina ya tashi daga ciki watan jiya. Yayarka za ta sa maka lambar a ƙasan takarda. Na ba su taka. In ba ka kira ba kafin Juma'a, Walid zai fito neman ka kanti-kanti, kuma na gaya musu kalar motar.

Za ka ji haushina. Ji. Kana da rai kana jin haushina ya fi mini.

Saura abin da ke kan kowa. Ni ba na bin ka komai bana. Abin da ka turo da salla na san daga ina ka yanko shi, rabi yana nan ban taɓa ba, yayarka za ta mayar maka, kada ka sake turowa sai kana da ƙofar da kake kullewa. Kawunka da yake jiran waya sabuwa, ni zan yi magana da shi, ba ka ci bashinsa ba. Hoton falo na sa an sauke, yana ƙarƙashin gado, yaran gidan nan kuma ni zan gaya musu ƙofar wace ce. Babanku yana bin ka ziyara, wata takwas kana garin ba ka je ba. Ba za ka gane kabarin ba, ka tsaya daga bakin maƙabarta ka yi masa addu'a, ka roƙa mini gafara wurin Allah a kan abin da na yi masa. Mai gadin nan ɗan Sudan yana bi na gaisuwa, ba na jin za ka same shi, ka ba wanda ka samu a madadinsa. Rakiya kuma tana bi na filas. Nata yana nan wurina, jan nan da kuka tashi kuna shan shayi a ciki, murfin ya fashe. Ka saya mata sabo babba, kada ka kai shi babu komai a ciki.

Allah Ya tsare ka, Ya kwanar da kai a ƙarƙashin rufi, Ya dawo mini da kai da ƙafafunka. In Rakiya ta miƙo maka makulli, ka sa hannu biyu ka karɓa.

Innarka, Saude.